Garke a Cikin Randa

"A'a, wannan ba mace ba ce," in ji Baba Mati. "Dubi goshinshi da kyau. Ka ga ƙullutun nan biyu? Ƙaho ne. Bijimi ke nan."

Na duƙa na duba, amma ban matsa sosai ba. Abin yana kwance a tafin hannunsa, tsawonsa ya kai babban yatsan mutum, kansa baƙi, bayansa ja mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Ba shi da fiffike. Da tsohon ya taɓa shi sai ya yi huci, irin hucin tayar keke in ƙaya ta soke ta.

"To Baba, kyankyaso ai kyankyaso ne."

"Mutum ma mutum ne, Jabiru, amma ba kowa kake ba ɗiyarka ba. Wancan na masai ɓarawo ne, in ya ga haske sai gudu. Wannan ka ga ya gudu?"

Bai gudu ba. Ya bi tsintsiyar hannun tsohon yana hawa a hankali, dogayen gashin kansa biyu suna lilo.

Ni kankana da lemo nake sayarwa a kan tebur, bakin hanyar da ta nufi tashar Ƙanƙara. Ta nan na san Baba Mati. Kullum bayan la'asar yakan zo da tsohon bokiti ya kwashe ɓawon da na tara, ya yi godiya ya tafi. Na daɗe ina zaton akuya gare shi. Ran da na tambaye shi ko akuyar ta haihu, ya ce haihuwa kam ana yi, amma ba akuya ba ce. Sai da muka saba ƙwarai ya yarda in bi shi in gani.

Ɗakin nasa yana bayan gidan Alhaji Sha'ibu, wani mai fataucin hatsi. Da can wurin ajiye buhuna ne, taga ɗaya gare shi, ƙarama, can sama. Randuna uku ne jere a jikin bango, kowace an rufe bakinta da yankin tsohon gidan sauro an ɗaure da robar taya. An zagaye gindin kowace da toka saboda kiyashi. Daga ciki ya shafe wuyan randar da basilin, domin ya ce ƙafarsu tana kama komai, har gilashi, maiƙo ne kawai ba ta kamawa. Ya jera musu kwalin ƙwai da ɓawon itace, ga jiƙaƙƙen tsumma a gefe, ga dusa a murfin gwangwani. Ɓawon da yake karɓa wurina sai ya wanke shi tukuna, wai manoman yanzu feshi suke yi kamar ba su za su ci ba. Ɗakin yana wari irin na buhun da ruwa ya taɓa.

"Wannan ta bijimai ce," ya ce yana nuna randar farko. "Ta tsakiya shanu ne masu ciki. Ta ƙarshe maruƙa. In ka bar su wuri guda, bijimai karo za su yi ta yi a kan mata har ɗaya shi rame."

A kusurwa akwai 'yar tabarma a naɗe. Ta Khairiyya ce, jikarsa, wadda bana aka sa ta aji ɗaya. Ba ta ƙara kwana a kanta ba tun da aka sallamo ta daga asibiti.

Khairiyya asma gare ta. Tun tana goye abin yake taso mata jefi-jefi, amma bana ya tsananta. Tashin baya-bayan nan sai da leɓenta ya yi baƙi kafin a kai ta asibiti a kan babur. Malamin asibitin ya tsare Inna Ramatu, matar Baba Mati, da tambaya a kan abin da ke cikin ɗakin da yarinyar take kwana. Ta yi ta kwana-kwana, daga baya ta faɗa. Ya ce ƙurar kashin ƙwarin nan da saɓar da suke yi tana iya toshe ƙirjin mai asma, kada a mayar da yarinyar ɗakin sai an fitar da su. Tun daga nan Khairiyya da kakarta suke kwanan aro a cikin gida, wajen iyalin Alhaji. Shi Alhaji Sha'ibu bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Baba Mati duk ran da ya shirya ya faɗa a kira mai feshi, amma kada a wuce kaka, domin ɗakin da aka ara musu na baƙinsa ne masu zuwa sayen hatsi.

Muna tsaye sai ga inuwar Khairiyya a ƙofa.

"Tsoho, yaya shanuna?"

"Amarya, tsaya nan. Kar ki ƙetare dokin ƙofa."

Ta tsaya, ta sa hannu a ƙugu. 'Yar siririya ce, idanunta sun fi fuskarta girma.

"Ni ban ga miji irinka ba. An ce ka kori matarka saboda ƙwaro."

"Wa ya ce?"

"Matan cikin gida. Suna daka suna dariya."

"Ki ce masu yaji kika yi, biko nike shiri."

"To ina kayan bikon?"

Ya miƙa mata lemon da na zo masa da shi. Ta karɓa tana dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya daɗe. Da ya lafa, a ƙarshen kowane numfashinta akwai wani ɗan fito siriri. Inna Ramatu ta ƙwala mata kira daga cikin gida, ta tafi tana bin bango. Baba Mati ya mayar da bijimin cikin randa, ya ɗaure bakin, ya daɗe yana gyara ɗaurin da babu abin da ya same shi.

Tarihinsa gutsure-gutsure na ji shi, wani a ɗakin nan, wani a kasuwar hatsi inda yake ɗinkin buhu da basilla. Ba mutum ne mai jera labari ba. Sai ya fara daga tsakiya, ya yi shiru, washegari ya ɗora daga wani wurin.

An haife shi a wata unguwar Maguzawa a ƙasar Faskari. Ubansa babban gandu gare shi, amma 'ya'ya sun yi yawa, abin da ya iso kan Mati fartanya ce kawai. Gwaggonsa ce ta ba shi akuya kiwo. Al'adar wajensu ita ce, in aka ba ka dabba kiwo, haihuwa biyu ta mai ita ce, ta uku taka. Daga wannan ta ukun ya fara. Awaki suka zama tumaki, tumaki suka zama maraƙi. Ya musulunta lokacin da yake neman auren Ramatu, mutuniyar Damari, kuma ubansa bai hana ba, ya dai ce kada salla ta sa ya makara zuwa gandu. Daga baya suka koma wani ƙauye gaba da Pauwa, inda ƙasa ta fi yalwa. Nan ya tara shanun huɗa biyu da 'yan shanu mata, har shi ma ya riƙa ba wasu kiwo.

"Ban taɓa zama mai arziki ba," in ji shi. "Amma gari bai taɓa waye mani ban ji kukan dabba a gidana ba."

Mutanen daji da rana tsaka suka zo, a kan babura. Yana gona, shanu suna cikin karkiya. Ba su san yadda ake kwance ta ba, ko kuma ba su so su wahala, sai suka sa masa bindiga suka ce ya kwance da kansa. Ya kwance. Ɗaya daga cikin bijiman ya ƙi tafiya, sai suka ce ya yi masa irin kiran da ya saba, ya raka su har bakin rafi. Ya raka su. Da ya dawo gida turaku duk sun zama wayam. Ba a daɗe ba ƙauyen ya watse, kowa ya ɗauki abin da kai zai iya ɗauka. Su suka faɗo Ƙanƙara.

Inna Ramatu ta ce shekarar farko kusan daina magana ya yi. Da asuba yakan tashi ya fita da sauri kamar mai zuwa duba turke, ya tsaya a bayan gidan mutane, ya dawo ya zauna.

Ɗansu ɗaya ne namiji, kuma shi ne na fari, saboda haka daga Baba Mati har Inna Ramatu ba mai kama sunansa. "Yaron nan" suke cewa, har yau. Sunan, Mas'ud, a bakin wani na ji shi. Yaron mota ne, yana bin manyan motocin da ke kai masara Legas. A can, a wata kasuwa da ake sayar da tsuntsaye da kunkuru, ya ga wani yana sayar da waɗannan ƙwari, ya ce daga wani tsibiri na ƙetaren teku aka kawo irinsu. Ya karɓo 'yan kaɗan a gwangwanin madara, ya huda murfin da ƙusa, ya kawo wa ubansa.

"Ya aje gabana shina dariya, ya ce, Baba, ga shanun da ba a korawa. Na ce mashi ni zai yi wa iskanci da furfurata? Na tura gwangwanin bayan ƙofa. Uwarshi ta ce a ba kaji, na ce to, sai gobe. Gobe ta yi na buɗe in zubar, sai na iske wata tana haihuwa."

"Ƙwai take sakawa?"

"Haihuwa na ce maka. Waɗannan ba su aje ƙwai a waje, a ciki suke riƙewa. 'Ya'yan suna hitowa ɗaya bayan ɗaya, farare tas kamar tsabar shinkafa, suna taruwa ƙarƙashin uwar. Na zauna ina kallo har rana ta yi tsaka. Da na miƙe, dusa na tahi nema."

Damina ta zagayo aka tare motar su Mas'ud tsakanin Faskari da Ƙanƙara. Direba ya tsira da rauni. Shi yana bisa kaya, babu inda zai ɓuya. Matarsa ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Sabuwa, aka bar Khairiyya wajen kakanninta. Iyakar abin da Baba Mati ya taɓa gaya mini a kan wannan ke nan, kuma yana faɗa yana zura zare a basilla, bai ɗago ba.

Garin bai bar shi ya huta ba. Ba a daɗe ba aka fara cewa abin gado ne, tsafin Maguzawa ne ya taho da shi cikin randa. Akwai masu buhun da suka daina kiransa ɗinki. Na taɓa gaya masa abin da ake cewa, ya yi tsaki.

"Ubana ya yi tsafinshi, ban ɓoye wa kowa ba. Amma baƙin bunsuru shi ke yankawa. Ban taɓa ganin ya ba kyankyaso dusa ba."

Bayan maganar malamin asibiti, dabarar da ta zo masa ita ce wadda ya tashi a cikinta: ya ba da su kiwo. In suna hannun wani, ɗaki ya tsarkaka, yarinya ta dawo, shi kuma ya riƙa zuwa yana duba su kamar yadda mai dabba ke yi.

"Kai ba zan ba ka ba," ya ce mini tun kafin in fara neman hanzari. "In aka ji mai kankana shina kiwon kyankyaso, ko kyauta ka bayar ba mai amsa."

Malam Gide ya zaɓa. Malam Gide tsaransa ne, mutumin Damari, shi ma gudun hijira ya kawo shi, yana sayar da itacen girki a tsallaken hanya daura da teburina. Shekarun baya, lokacin da Gide ba shi da ko kaza, Baba Mati ne ya ba shi karsana kiwo, kuma da ita ya yi shanunsa, waɗanda su ma aka kore.

Da hantsi na hango Baba Mati tafe da randa a kai, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Randar tsakiya ce, ta masu ciki. Ya sauke a inuwar itacen Gide. Suka gaisa, suka sake gaisawa.

"Gide, kiwo na kawo maka."

Malam Gide ya kara kunne a jikin randar, ya ji motsi kamar ana murza busasshen ganye, ya ja da baya.

"Mati, kai da Allah. Shanun naka ne na bakin duniya?"

"Su ne. Masu ciki na zaɓo maka, ba ragowa ba. Haihuwa biyu tawa, ta uku taka, yadda aka saba."

"To ni in yi mi da ta ukun? In kora ta kasuwar Sheme in nemi dillali?"

Masu sayen itace biyu da ke wurin suka fashe da dariya. Gide ma ya yi, har ya ga abokin nasa ba ya dariya. Sai ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Ka san inda nike kwana. Kangon mutane ne, gida huɗu cikinshi, labule ya raba mu."

"Ba su kuka, ba su cin gonar kowa. Inuwa kawai, da toka a gindi. Tsumman nan kar shi bushe. Dusa da ɓawo ni zan riƙa kawowa."

"Mati..."

"Toka, Gide. Ita ce babba. In ka manta komi kar ka manta toka."

"To," in ji Malam Gide. "To. Allah shi sa albarka."

Bai kalli randar ba lokacin da yake faɗa.

Kwanakin da suka biyo Baba Mati ya ɗan saki fuska. Ya ce mini in abin ya yi kyau zai kai wa Gide sauran biyun, ko ya nemi wani mutumin ƙauyensu da ke wajen Sabuwa. Ya so ya je duba su, Gide ya ce ya dakata tukuna, matan kangon ba su san da abin ba. Saboda haka a bakin hanya yake miƙa masa dusa da ɓawo, ya tambayi lafiyarsu, Gide ya ce lafiya lau.

Abin da ya faru daga baya muka ji. Matar Gide ta rantse randar ba za ta kwana inda take kwana ba. Ya kai ta bayan kango, ƙarƙashin tarin itace, ya zagaye da toka kamar yadda aka ce masa. Sai aka yi ruwan nan na ƙarshen damina, mai zuwa ba sallama, ya wanke tokar. Gide yana ta fama da jiƙaƙƙen itace, bai tuna ba. Kwarkwasa ta bi sawu ta hau randar, ta shiga ta wata 'yar ɓula a jikin gidan sauron.

Wata rana Baba Mati yana tsugune gefen teburina yana tsince ɓawo, sai ga Malam Gide ya tsallako hanya da baƙar leda a hannu. Ya tsuguna. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Ramatu, ya tambayi mai jiki. Sannan ya ajiye ledar a ƙasa tsakaninsu.

"Ga fata," ya ce.

Ban gane ba a lokacin. A al'adar kiwo, in dabba ta mutu a hannun mai riƙo ba ya biya, amma dole ya feɗe ta ya kai wa mai ita fatar, domin ya gani da idonsa ya san ba sayarwa aka yi ba. Gide ya zauna ya tsince kwanson bayansu ɗaya-ɗaya daga cikin randar, abin da kwarkwasa ta rage, ya kawo.

Baba Mati ya kwance ledar. Ya zazzage a kan murfin bokiti, ya riƙa juya su da yatsa. Ba nauyi gare su, iska tana motsa su. Ya ɗauki ɗaya mai tabo a gefe ya ɗaga ya duba.

"Wannan jikar ta farko ce," ya ce. Ya ajiye. "Na gani. Allah shi maida alheri."

"Mati, wallahi na sa tokar."

"Na gani, na ce. Ba a biyan kiwo."

"Da na sani da na ce maka a'a tun ran nan."

"Ba ka iya cewa. Ni ma na san ba ka iya cewa, shi ya sa na zo wurinka."

Malam Gide ya daɗe a tsugune. Wani ya kira shi daga tsallake yana son itace, ya tashi ya tafi. Baba Mati ya mayar da kwanson cikin leda ya ɗaure, ya sa a aljihu. Ya ɗauki bokitinsa, amma rabin ɓawon ya bar mini a ƙasa, ya ce bakunan sun ragu.

Bai ƙara maganar mutumin Sabuwa ba. Aka fara girbi, manyan motoci suka fara jeruwa a kasuwar hatsi. Ya ɗauke ƙafa daga teburina, sai na riƙa kai masa ɓawon da kaina. Wata la'asar na iske Inna Ramatu tsaye a ƙofar ɗakin, shi yana zaune ciki. Ta gan ni, ba ta fasa ba.

"Malam, baƙin Alhaji sun aiko suna tahe. Hajiya ta fara kwashe mana kaya tana ajewa a baranda, ba ta ce komi ba, kuma ba sai ta ce ba. Na yi haƙuri da warinsu, na yi haƙuri da bakin mata. Ni ma yaron nan ni na haihe shi, ba kai kaɗai ya bar ma abu ba. Jiya yarinyar nan tambayata ta yi, wai mu ina ne gidanmu."

Ta gyara mayafi ta wuce ni ta shiga gida.

"Baba, ko a kira mai feshin?" na ce.

"Guba mushe take yi. Kuma kajin gidan nan su tsinci gawar su bi su. A'a. In dabba za ta tahi, a bari wani shi amfana." Ya dubi randunan biyu. "Baronka shina nan? Ka ara mani da sahe."

Akwai wata mata a unguwar, Hafiza, mijinta ya rasu, tana kiwon zabi da kaji da 'yan talotalo a wani fili da aka katange ba a gina ba. Can muka nufa da rana ta ɗan ɗaga. Shi ya tura baron, ya ƙi bari in kama masa. Ya yi wa randunan gammo da tsofaffin buhuna don kada su girgiza a hanya, duk da ya san inda za su.

Hafiza ta buɗe mana kyauren langa-langa.

"Baba, ka tabbata ba su da guba? Kar in wayi gari ba zabuwa ko ɗaya."

"Dusa da kankana suka ci tun da aka haihe su. Sun hi ki cin mai kyau."

Ta yi dariya, ta kira tsuntsayenta. Baba Mati ya kwance randar maruƙa, ya yi bisimilla, ya kifar. Ƙananan ba su ɗauki lokaci ba. Kaji da 'yan tsaki suka rufe wurin, kafin ƙura ta kwanta sai kwalin ƙwai kawai.

Ta bijimai ce ta yi wuya. Da suka zubo ƙasa suka ji rana, sai suka ɗauki huci gaba ɗaya, zabi suka watse suna kururuwa, kaji suka tsaya nesa suna miƙa wuya. Bijiman suka rarrafa neman inuwa, kuma inuwar da ta fi kusa ita ce ta Baba Mati. Suka taru a ƙafafunsa, wasu suka fara hawa wandonsa. Ya tsaya bai motsa ba. Wani tsohon talotalo ne ya fara matsowa, ya kai sara, ya ja baya, ya sake kaiwa. Da sauran suka ga ba abin da ya same shi sai suka dawo.

Waɗanda suka hau jikinsa da hannu ya riƙa cire su, ɗaya bayan ɗaya, yana jefawa tsakiyar fili. Wani babba ya maƙale a hannun rigarsa, ƙafafunsa sun kama zare, sai da ya ɓamɓare shi. Hafiza ta daina dariya ta koma bakin kyaure. Ni na kalli katanga. Hucin ya yi ta raguwa har ya ƙare.

Da aka gama ya karkaɗe wandonsa, ya leƙa cikin randunan, ya ƙwanƙwasa gindinsu. Ya fito da baƙar ledar nan daga aljihu, ya dube ta, ya mayar.

"Randunan ki riƙe, ki zuba masu ruwa ciki," ya ce wa Hafiza. "Ki wanke basilin ɗin da toka."

"Baba, ba za ka tahi hannu rabbana ba. Ɗauki tsaki biyu, ko kiwo ne in ba ka."

Ya dubi 'yan tsakin da ke bin ƙafarta. Ya daɗe yana dubansu.

"Malamin asibiti ya ce ko kaza kar a sa mata kusa. Na gode, ɗiyata."

Muka fito. Ya tsaya a bakin kyauren yana kama hannun baron, kamar ya manta hanyar da za a bi. Sai na ce, "To yanzu in Allah ya yarda Khairiyya ta samu lafiya ke nan."

"Bai ce za ta warke ba. Cewa ya yi a gwada."

Wata mota ta wuce da lodin masara, yaron motar yana zaune bisa kaya yana cin rake. Baba Mati ya sunkuyar da kai har ta yi nisa.

"Ba a gama ba," ya ce. "Shekarun nan ƙanana sun sha zillewa su shige tsagar bango, in an yi shiru ina jin motsinsu. Sai an cike tsagogin duka an yaɓe kahin ta dawo."

"Da su a ciki?"

"Ina zan hiddo su? Bango ne." Ya ɗaga hannun baron. "Bar mani shi zuwa azahar. Koma bakin teburinka, kar rana ta dafa maka kankana."

Ya juya ya bi lungun da ya gangara kududdufi, inda masu gini ke ɗibar laka, tayar baron tana ƙara a gabansa.